Ranar da Bahago Ya Waiwaya

Shekara goma sha ɗaya Bahago yana yawon duniya da raket a hannun hagu, amma har yau Kawu bai yarda badminton sana'a ce ba.

"To, ɗana, wannan karon wace ƙasa za a je a sha kashi?"

Safiyar tafiya ce. Jaka buɗe a tsakar falo, Bahago durƙushe yana jera kaya: raket shida, takalmi ƙafa biyu, rigunan wasa, robar ɗaure gwiwa. Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, ya zo yi masa sallama. Wato ya zo shan shayi. Ya miƙe ƙafa a kujerar da ta fi kowacce laushi, ya ɗauki ƙwallon gashi ɗaya daga kan tebur yana jujjuya ta kamar mai shirin tayawa.

"Ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. Ku biyu ne fa. Ƙarti biyu, gashin agwagwa ɗaya. Kuma a dawo a ce an cinye ku."

"Su ma su biyu ne, Kawu."

"Au, haka ne? To an yi adalci."

Matar Bahago ta fito daga ɗaki cikin rigar aikinta ta asibiti tana neman makulli. Ta riga ta kai 'yan biyu makaranta ta dawo. Ta tsallake jakar ba ta ko kalle ta ba. Ta saba.

"Baban 'yan biyu, Yaya ya sake kira. Ya ce kujerar nan ta shagon taya tana nan tana jiranka."

"Ki ce na gode."

"Tun bara nake ce masa ka gode. Ya ce godiyar ta ishe shi haka, mutum yake nema."

"Taya!" in ji Kawu, ya ajiye kofi. "Ga sana'a. Abu mai nauyi, in ka ɗauka ka san ka ɗauki abu."

Bahago ya ja zik ɗin jaka ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara, kowa ya yi kamar bai ji ba. Bai gaya musu abin da Koci ya ce ba.

Kwana uku kafin nan Koci ya kira shi ofis, wani ɗan ɗaki a bayan zauren atisaye mai warin roba da man zafi. Koci ba ya kallon idon mutum in zai yanka shi. Allon kwamfuta ya kalla ya ce hukumar wasan ta gaji. Wata huɗu, gasa shida, ko sau ɗaya ba su tsallake zagayen farko ba. In aka maimaita a wannan gasar, za a raba su. Dogo, abokin wasansa, zai koma wasa da wani matashi, Roba.

"Ni fa?"

"Kai... za mu duba."

Bahago ya san mutum uku da aka duba. Ɗaya yana tuƙin tasi.

A wasan 'yan bibbiyu, maki ba na mutum ɗaya ba ne, na haɗin ne. Suna biyu a layi ɗaya cikin jerin 'yan wasan duniya. Ranar da aka raba layin, kowa ya koma sifiri, kamar bai taɓa riƙe raket ba. Dogo shekararsa talatin, ga tsayi ga suna. A haɗa shi da Roba, ɗan ashirin da huɗu mai lanƙwasa kamar ba ƙashi a jikinsa, kafin shekara sun hau. Bahago yana da talatin da huɗu da gwiwa mai gaisawa da matakala. Ba wanda zai fara daga sifiri da shi.

"Dogo ya sani?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce to."

Bahago ya jira ko akwai sauran magana. Babu. Ya fito.

Mutane in sun ji an ce ɗan wasan ƙasa da ƙasa sai su lumshe ido. Ƙasa talatin da shida Bahago ya taka. Ka tambaye shi me ya gani, zai kwatanta maka tsaf: layin duba fasfo, motar kwasar 'yan wasa, ɗakin otal mai gado biyu da labule mai kauri, sai zaure mai koren daɓe. Ko'ina daɓen kore ne. Akwai birnin da aka ce masa kogin cikinsa abin kallo ne. Sau huɗu ya je. Abin da ya sani a birnin shi ne injin wanki na biyu daga ƙofa yana cinye safa.

Mafi tsayin da suka taɓa kaiwa shi ne na talatin da takwas a duniya, na mako biyu. Jarida ta buga hotonsu a lokacin: Dogo a sama, ƙafafu naɗe, raket a bayan kai, baki buɗe. Can ƙasa a gefen hoton akwai kunne ɗaya da rabin ƙeya. Kawu ya yanke hoton ya yi ta yawo da shi a unguwa yana nuna wa mutane kunnen ɗan yayarsa.

Haka rabon aikin yake. Dogo na baya, shi ne mai tsalle da duka. Bahago na gaba, duƙe a gindin raga, yana tarewa, yana goga ƙwallo a bakin zare, yana matsa wa abokan karawa har su ɗaga ta sama dole, don Dogo ya samu abin duka. Shi ke girki, Dogo ke ci a gaban kyamara.

Kuma mutumin gaba ba ya waiwaye. Wannan ake fara koya wa mutum tun kafin riƙon raket. Ƙwallon gashi ba ta da nauyi, amma kanta da tauri, faɗinsa daidai ramin ido, kuma in ta bar raket ɗin irin su Dogo ido ba ya iya bin ta. Wanda ya juya, ya ba da ido kyauta. Saboda haka Bahago bai taɓa ganin Dogo yana duka ba sai a bidiyo. Da kunne ya san shi. Kukan takalmi sau biyu, ɗan shiru na tsalle, sannan tas, kamar an tsaga katako. Daga sautin kaɗai yakan san inda ƙwallon za ta sauka, ya riga ta isa inda za a maido ta.

Wata huɗu ke nan sautin ya canja. Takalmin na nan, tsallen na nan. Tas ɗin ce ta koma fat, kamar ana kaɗe matashin kai.

Koci ya kalli bidiyo ya ce laifin na gaba ne, ba ya samar wa Dogo ƙwallo mai kyau. Kyamara daga baya take ɗauka, kuma daga baya Dogo na nan a Dogonsa. Bahago bai yi musu ba. Ya zauna da zuciyarsa, ita kuma ta ba shi amsa mafi muni da take da ita. Ya ga Dogo da Roba sau biyu a bakin famfo suna dariya. Wanda yake so a raba shi da abokin wasa ba sai ya yi faɗa ba. Ya sassauta hannu kaɗan, hukuma ta ƙarasa masa sauran.

Sun sauka da la'asar. Ɗakin otal mai gado biyu, labule mai kauri. Dogo ya kwanta rigingine da takalminsa yana latsa waya. Bahago ya zauna a bakin gado yana naɗa sabon ƙyalle a mariƙin raket.

"Wa aka ba mu?"

"Gajerun nan," in ji Dogo. "Wa da ƙani."

"Sau biyu muna cin su."

"A da."

"Yanzu me ya canja?"

"Ka tsufa."

"Ni na tsufa. Kai kuma hannunka ya koma na mai shafa wa jariri mai."

A da Dogo zai yi dariya ya jefo masa matashi. Yanzu wayarsa kawai ya ci gaba da kallo.

"Ka gyara gabanka, malam. Baya ba ruwanka."

"In kun yi waya ka gaishe min da Roba."

"Zai ji."

Nan hirar ranar ta ƙare. Ta ma fi ta makon jiya tsawo.

Ƙarfe goma na safe aka sa su, a fili na huɗu, can kusa da ƙofar da ake shigo da ruwa. Kujerun kallo dubu biyar, mutum bai kai talatin ba, rabinsu 'yan wasa ne masu jiran nasu lokacin. Wani mai shara ya jingina da tsintsiyarsa yana kallo, shi ma don ba a bar shi ya wuce ba ne. Koci ya zauna a kujerarsa a bayan fili da littafi a cinya.

Turmin farko Bahago ne ya ci shi, shi kaɗai. Bai bar komai ya wuce shi ba. Abin da ya kamata ya bar wa baya ya tare, abin da ya kamata ya goga ya kashe. Ashirin da ɗaya da goma sha bakwai. Gwiwar ta fara zafi tun a maki na tara, ya ce mata ta jira.

A turmi na biyu gajerun suka gane. Suka daina wasa da shi. Duk ƙwallon da ta zo musu sai su ɗaga ta sama, can baya, ga Dogo. Shekara biyar da suka wuce, ɗaga wa Dogo ƙwallo daidai yake da sallama da ita. Yau da gangan suke miƙa masa, kamar masu ba da sadaka. Fat. Su maido. Fat. Su maido. Ƙanin ma har murmushi yake. Ashirin da ɗaya da goma sha uku.

A hutun minti biyu Koci ya taso da littafinsa.

"Bahago, ka daina ba su damar ɗagawa."

"Shekara goma sha ɗaya aikina shi ne in sa su ɗaga."

"To yau na canja maka aiki."

Dogo ya rufe kansa da tawul. Bahago ya kalli tawul ɗin. Ya so ya fizge shi ya ga ko dariya ake yi a ƙarƙashi.

Turmi na uku ya tafi kunnen doki. Biyar da biyar. Goma sha ɗaya da goma, aka canja gefe. Goma sha bakwai da goma sha bakwai. Bahago yana satar maki a gaba, ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar hatsi, baya kuma tana zubar da su. Ya ci biyu a jere da dabarar wuyan hannu, suka kai goma sha tara. Gajerun suka ci uku. Ashirin da goma sha tara. Saura musu ɗaya.

Wan ya buɗe ƙwallo gajeriya. Bahago ya goga ta a zare, ta mirgina ta faɗa ɗaya gefen, irin wadda ba a iya komai da ita sai ɗagawa. Ƙanin ya ɗaga, kuma bai ɗaga da kyau ba. Ta tsaya a tsakiyar fili, sama, a hankali, ƙwallon da ko Kawu zai kashe. Bahago ya duƙa. Kukan takalmi sau biyu. Shiru. Fat.

Suka maido, suka sake ɗagawa. Fat. Suka maido.

Na uku ta tashi, ta fi na farko sauƙi. Bahago ya ji takalmin. Wani abu ya taso masa daga ciki, ba tunani ba ne, zafi ne. In sayar da shi ake yi, yana so ya ga fuskar mai sayarwar.

Ya waiwaya.

Dogo na sama. Ba dariya yake ba. Idonsa a rufe gam, haƙora a cikin leɓe, wuyansa ya karkace gefe kamar mai kauce wa mari. Gwiwar hannun damansa, wadda ya kamata ta wuce kunne, ta tsaya daidai kafaɗa ta ƙi gaba. Da wuyan hannu kaɗai yake bugu. Ƙaton mutum a tsakiyar iska, yana tsoron hannunsa.

Sai ƙwallon ta sauka a idon Bahago na hagu.

Alƙali ya faɗi maki. Ashirin da ɗaya da goma sha tara. Gajerun suka fara murna, suka ga mutum a durƙushe, suka fasa. Koci ya yar da littafi ya rugo. Matar da ke kula da masu rauni ta taho da jakarta da ƙullin ƙanƙara.

Bahago ya rufe idon da tafi yana jiran zafin. Ya jira. Zafin bai zo ba. Ɗan ƙaiƙayi ne, kamar ƙwaro ya faɗa masa. Dukan Dogo, daga tazarar taku uku, a tsakiyar ido, kuma ko ƙwalla bai kawo ba.

"Buɗe mu gani," in ji matar.

Ta cikin yatsunsa ya hango Dogo tsaye, raket a rataye, yana kallon daɓe. Ya hango Koci yana kallon Dogo. Bahago ya karɓi ƙanƙarar ya danna a fuska, ya saki wani nishi da aka ji har fili na uku.

A lungun da ke kaiwa ɗakin canja kaya Koci ya tare shi. Ya bari Dogo ya wuce tukuna.

"Shekara nawa kana wannan wasan? Wanda ya fara jiya ba zai yi abin da ka yi ba. Me ka juya nema? Wani abu ka yar?"

Bahago ya gyara riƙon ƙanƙara. Ruwa na bin hannunsa yana shiga hannun riga.

Koci ya waiga hagu da dama ya rage murya. Wannan karon ya kalle shi a ido, idon da ya rage.

"Saurara. Ƙwallo uku ya samu a tsakiyar fili bai kashe ko ɗaya ba. Likitanmu ya tambaye shi sau biyu, ya ce lafiyarsa lau. Kai ne ka san sautin hannun nan, kuma yau ka gani. In akwai matsala ka gaya min. Roba zai iya tsayawa baya, dukansa ba laifi. Abin da ba shi da shi shi ne kai irin naka a gaba. Ka gane abin da nake cewa?"

Ya gane. Ba a taɓa yi masa magana a fili haka ba. Jimla ɗaya, kuma gaskiya ce, ba ƙage ba. Ya faɗe ta, ya samu shekara biyu, wataƙila uku. Koren daɓe, labule mai kauri, injin da ke cinye safa. Abin mamaki, duk ya ji yana son su. Ya tuna shagon yayan matarsa, baƙin ƙasan wurin, da kujerar roba mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya.

Ya buɗe baki.

"Hannun da ya kusa cire min ido kake tambaya?"

"Ba haka nake..."

"Je ka tsaya a gabansa ka juya, Koci. Sai ka ba ni labarin matsalar."

"To me ya hana shi kashe ukun nan?"

"Ni. Na tsaya masa a hanya. Ai ka faɗa tun tuni, laifin na gaba ne."

Babu abin da ke kwantar wa Koci hankali irin a ce masa ya yi gaskiya. Kafaɗunsa suka sauka.

"To me ya sa ka juya?"

"Na gaji da kallon raga."

Koci ya girgiza kai, ya dafa shi, dafawar da ake yi wa wanda aka zo yi wa gaisuwa. Ya ce ya je a duba idon da kyau. Ya ce hukuma ba za ta manta da hidimarsa ba. Ya zaro waya yana tafiya.

Ɗakin canja kaya ba kowa sai Dogo, zaune a benci, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya zare hannun hagu daga rigar, na dama ya maƙale, yana ta jan ta da haƙori. Ya ga Bahago ya daina.

"Cire ƙanƙarar nan, ka ishe ni. Na san abin da na buga."

Bahago ya jefa ta a kwandon shara. Ya zauna a ɗaya bencin.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Jijiya ce. Na je wurin wani likita da bai san Koci ba. Ya ce sai an yi aiki. Wata tara a zaune, kuma ba tabbas."

"Ba ka gaya min ba."

"Ka tambaya? Cewa ka yi ina shafa wa jariri mai."

"Na ɗauka sayar da ni kake yi."

"Na sani. Hakan ya fi min sauƙi."

A fili na biyu wani ya ci maki, mutum huɗu suka tafa. Dogo ya sake jan rigar, ta ƙi.

"Me ka ce wa Koci?"

"Na ce ka kusa makantar da ni."

Dogo ya ɗago ya kalle shi, ya daɗe yana kallo.

"Wallahi kai wawa ne."

"Ba sai ka gode ba."

"Wa zai gode maka? Wata huɗu ina jira wani ya gane. Koci, likita, mai shara, kowa ma. Wani ya ce min, Dogo, zauna, ya isa. Ni bakina ya ƙi faɗa. Kullum in tashi in ce yau zan faɗa, in tsinci kaina ina ɗaura takalmi. Sau ɗaya a rayuwarka ka juyo, ka gani da idonka, sai ka je ka gyara min ƙarya ta zauna daram."

"Koci na waje. Ƙafarka lafiya take."

Dogo bai motsa ba.

Shi ma Bahago zai iya tashi. Ƙofar na nan, taku biyar. Ya ce, Koci, na tuna wani abu. Yanzu ma da izinin mai kafaɗar. Ya kalli ƙofar, ya kalli mutumin da ke zaune da rabin riga a wuya. Abin da Dogo ya kasa faɗa a kan jikinsa, ba shi zai ɗaukar masa ba, ya kuma ci abinci da shi. Ko kara ce, ko taurin kai ne, bai tsaya bambancewa ba.

"Roba zai gane cikin mako biyu," in ji Dogo.

"Roba numfashinsa kawai yake ji. Ka samu wata shida."

"In yi me da su?"

"Ka koyi magana."

"Kai fa?"

"Ni an duba ni."

Ya tashi ya kama rigar ta baya ya zare ta ta kan Dogo a hankali, ya jefa masa a cinya. Kafaɗar na manne da filasta kala uku, wata kan wata, irin aikin wanda ya yi da hannu ɗaya a gaban madubi.

"Wa ya yi maka wannan? Makaho?"

"Fita min, malam."

Washegari a teburin karin kumallo Koci ya sanar, yana kallon kofinsa. Hukuma ta amince. Daga Litinin, Dogo da Roba. Za a shirya wa Bahago ɗan taro, a ba shi takardar yabo. Bahago ya ce Allah ya saka. Ya sa baƙin tabarau tun safe don idon da bai kumbura ba, yana cin burodi a bayansa kamar wani babban mawaƙi.

Jirginsu na tsakar rana ne, cike maƙil. Suka shiga a jere, Dogo a gaba, Bahago, sai Koci. A layi na ashirin da biyu Dogo ya tsaya. Jakar raket a hannunsa, ma'ajiyar kaya a buɗe a saman kansa. Ga mutum mai tsayinsa, miƙa hannu ne kawai. Ya kama jakar da hannu biyu ya ɗaga ta zuwa ƙirji. Nan ta tsaya. Mutane sun fara taruwa a baya. Koci ya leƙo ta kafaɗar Bahago don ya ga me ya tsayar da layin.

Bahago ya fizge jakar.

"Kawo, ranka ya daɗe, kawo! Kai, jama'a. Mutum ya samu sabon abokin wasa jiya, yau har jaka sai an ɗaga masa. Koci, ka gaya wa Roba ya zo da safar hannu, aikin da yawa."

Ya cilla ta sama, ya tura tasa a kusa, ya rufe ma'ajiyar da ƙarfi. Wata tsohuwa a kujerar gefe ta yi dariya ba ta san dalili ba. Koci ya yi tsaki.

"Ku biyun nan har ƙarshe ba za ku girma ba. Ku wuce, kun tare hanya."

Dogo ya zauna a kujerar tsakiya ya ɗora hannun dama a cinya. Bai ɗago ba.

"Allah ya isa," ya ce a hankali.

"Amin," in ji Bahago. "Matsa, ka zauna min a kan bel."